Dutsen Zagami Da Tambayar Da Ta Gagari Masana: Shin Akwai Rai A Wata Duniya?

Ran 3 ga watan Oktoba na shekarar 1962, wani manomi yana cikin gonarsa kusa da Zagami a lardin Katsina, sai ya ji wata ƙara mai firgitarwa daga sama. Kafin ya ankara, wani abu ya faɗo 'yan taku kaɗan daga inda yake, ya nutse cikin ƙasa. Da aka tona aka fito da shi, sai aka ga dutse ne mai baƙin ɓawo, nauyinsa ya kai kilo 18. Aka kai shi ofishin binciken ma'adinai da ke Kaduna aka ajiye, alhali ba wanda ya san takamaiman inda ya fito.

Cikin shekarun 1980 ne masana suka fara zaton cewa irin waɗannan duwatsu daga duniyar Mars suke, watau jar duniyar nan da malaman falaki na da suke kira Mirrihu. A 1995 aka sami hujja daga jikin dutsen Zagami kansa. An tarar da iska ƙulle cikin wasu 'yan aljihuna na jikinsa, da aka auna ta kuwa sai ta zo daidai da iskar Mars, wadda kumbunan Viking na Amurka suka auna a can tun 1976. Bayanin masana shi ne, kimanin shekara miliyan 3 da suka wuce wani ƙaton dutse ya rafko wa Mars, ya fantsamar da ɓarɓashinta zuwa sararin samaniya, ɓarɓashin ya yi ta kewaya rana, har wani gutsure daga ciki ya ƙare tafiyarsa a gonar Bakatsine.

Ba shi kaɗai ba ne a wannan yanki. Cikin Nuwamba na 2023 an tsinci wani a jihar Agadas ta ƙasar Nijar, mai nauyin kusan kilo 25. A Yuli na 2025 aka yi gwanjonsa a birnin New York a kan dala miliyan 5.3, har gwamnatin Nijar ta sa a bincika yadda aka yi ya bar ƙasar. Mai karatu yana iya tambaya, me ke cikin dutse da har zai yi wannan tsada? Ƙarancinsa ne, da kuma inda ya fito. Dutsen Zagami dai ba wata alamar rai a jikinsa, narkakken dutse ne da ya daskare kimanin shekara miliyan 180 da suka shige. Amma ya zo ne daga wurin da ɗan Adam ya fi matsa wa lamba da tambayar da ta daɗe tana damunsa: shin a duk faɗin halitta wannan duniya ce kaɗai mai rai?

TSOHUWAR TAMBAYA

Tambayar ta girmi kumbo da madubin hangen nesa. Shahararren malamin nan Fakhruddin al-Razi, wanda ya rasu a farkon ƙarni na 13, ya yi jayayya da mabiyan Aristotle masu cewa duniya ɗaya ce tak, ya ce ba abin da zai hana a sami duniyoyi barkatai bayan wannan. A Turai kuwa Giordano Bruno, mutumin Italiya, ya riƙa koyar da cewa taurari ranaku ne kamar rana, kowane da duniyoyinsa. Kotun coci ta same shi da laifin ridda bisa zarge-zarge da dama, aka ƙone shi a birnin Rum a 1600. Sai dai duk waɗannan mutane hankali kurum suka sa, ba su da abin awo. Abin da ya sake a wannan zamani shi ne tambayar ta tashi daga zauren muhawara ta koma ɗakin gwaje-gwaje, inda ba a karɓar magana sai da ma'auni.

YAWAN MASAUKI

Farkon abin da ma'auni ya nuna shi ne Bruno ya yi daidai a kan taurari. Rana tauraro ce, kusancinta ne ya sa take da girma a ido. Farar hanyar nan mai kama da hayaƙi da ke ratsa sama a daren da babu wata, gungun taurari ne wanda rana take ɗaya daga cikinsu, an kuma ƙiyasta yawansu tsakanin miliyan dubu 100 zuwa miliyan dubu 400. Irin wannan gungu kuwa akwai miliyoyin dubbai.

Nisan da ke tsakani ya fi ƙarfin mil da kilomita, saboda haka da gudun haske ake auna shi. Haske yana cin kilomita 300,000 a daƙiƙa guda. Daga rana zuwa duniya minti 8 da 'yan daƙiƙoƙi yake yi. A shekara guda yana cin kilomita miliyan dubu 9,460, wannan ce ake kira shekarar tafiyar haske. Tauraron da ya fi kusa bayan rana, mai suna Proxima Centauri, yana nisan irin wannan shekara 4.2.

Har zuwa ƙarshen shekarun 1980 ba wanda ya tabbatar da duniya ko ɗaya a wajen gidan rana. A 1995 wasu masana biyu na Jami'ar Jeniba a Suwizalan, Michel Mayor da Didier Queloz, suka gano duniya tana kewaya wani tauraro mai kama da rana, aikin da ya jawo musu lambar Nobel a 2019. Ba ganinta suka yi da ido ba. Sun lura ne tauraron yana ɗan rangaji, gaba da baya, kamar wanda wani abu mai nauyi yake ja. Wata dabara kuma ita ce a tsura wa tauraro ido, in duniya ta gifta ta gabansa sai haskensa ya ɗan dushe, kamar yadda fitila kan yi in ƙwaro ya ratsa gabanta. Da wannan dabara madubin Kepler, wanda aka harba a 2009 ya yi aiki har 2018, ya gano duniyoyi fiye da 2,600. A Satumba na 2025 lissafin Hukumar Binciken Sararin Samaniya ta Amurka, watau NASA, ya haura duniyoyi 6,000. Daga wannan masana suka fahimci cewa tauraro mai duniya shi ne gama-gari, marar duniya shi ne baƙon abu.

Amma ba kowace duniya ce ke zaunuwa ba. Misalin abin kamar jin ɗumin wuta ne da hunturu: wanda ya matsa ƙwarai ya ƙone, wanda ya yi nisa sanyi ya kama shi. Zahra, wadda Hausawa suka sani da Gamzaki in ta fito da asuba, ta fi duniya kusa da rana, ga ta da iska mai kauri da ke riƙe zafi, har zafinta ya kai digiri 460 a ma'aunin santigired. Mars kuwa ta yi nisa, matsakaicin sanyinta wajen digiri 60 ne ƙasa da sifiri. Tsakanin nan akwai wani zagaye inda ruwa zai iya zama ruwa, bai ƙafe ba, bai daskare ba. A 2016 an gano duniya a irin wannan zagaye a jikin Proxima Centauri, a 2017 kuma aka bayyana duniyoyi 7 masu kusan girman wannan duniya kewaye da tauraron TRAPPIST-1, mai nisan shekarar haske 40, waɗansunsu a cikin zagayen.

TUBALI BA GINI BA NE

Duk mai rai da aka sani yana bukatar abu uku: ruwa, da sinadarai masu kabon waɗanda ake gina jiki da su, da kuma abin da zai ba shi ƙarfi. A da ana tsammanin na ukun nan sai hasken rana. A 1977 wani ƙaramin jirgin ƙarƙashin teku mai suna Alvin ya nutsa kimanin mita 2,500 kusa da tsibiran Galapagos, inda haske bai taɓa kaiwa ba, sai ga halittu cunkus kewaye da maɓuɓɓugan ruwan zafi. Tushen abincinsu ƙananan halittu ne da ido ba ya gani, masu rayuwa da sinadaran da ke fitowa daga cikin ƙasa.

Wannan ya sa aka juya ga wuraren da ba a kula da su a da. Duniyar Mushtari tana da wata mai suna Europa, wanda alamu suka nuna akwai teku mai gishiri a ƙarƙashin ƙanƙarar da ta rufe shi. Duniyar Zuhal kuma tana da ɗan ƙaramin wata mai suna Enceladus, faɗinsa kilomita 500 kacal. A 2005 kumbon Cassini ya ga ruwa yana tsartuwa daga tsagogin ƙanƙararsa zuwa sama, daga baya ya ratsa ta cikin feshin, aka sami gishiri da sinadarai masu kabon da iskar haidirojin, wadda wasu ƙananan halittu na nan duniya suke rayuwa da ita.

Kayan ginin ma a warwatse suke. A Satumba na 2023 wani kumbon NASA ya kawo ƙasa mai nauyin giram 120 daga wani dutse mai yawo a sarari da ake kira Bennu. A Janairu na 2025 masana suka bayyana cewa sun sami 14 daga cikin sinadarai 20 da jikin mai rai ke haɗa furotin da su, da kuma dukan sinadarai 5 da ake rubuta gadon halitta da su.

To, a nan ne ya kamata a yi hattara, domin tara tubali daban, gina ɗaki daban. Tun 1953 Stanley Miller ya nuna a Jami'ar Chicago cewa in an haɗa ruwa da wasu iskoki aka sakar musu tartsatsin lantarki, irin waɗannan sinadarai suna haɗuwa da kansu. Amma daga lokacin zuwa yau ba wanda ya ɗauki matattun sinadarai ya mai da su halitta mai ci da hayayyafa. Daɗin daɗawa, duk masu rai na duniya, daga giwa zuwa gero zuwa ƙwayar zazzaɓi, tsarin gadonsu iri ɗaya ne, watau misali guda ke nan a hannun masana. Wanda kuwa ya ga abu sau ɗaya ba ya iya faɗin ko ruwan dare ne ko kuwa gamon katar.

Tarihin duniya yana da fuska biyu a kan wannan. Shekarunta miliyan 4,500, kuma duwatsun yammacin Ostareliya sun nuna akwai rai tun shekara miliyan 3,500 da suka wuce, watau rai bai yi jinkirin bayyana ba. Amma mafi yawan wannan zamani ƙananan halittu ne kaɗai. Dabbobi ba su bayyana ba sai wajen shekara miliyan 600 da suka shige, rediyo kuwa bai daɗe da cika shekara 100 ba. Don haka galibin masana suna ganin in har an sami rai a wani wuri, ya fi yiwuwa a same shi a ƙarƙashin madubin likita, ba a kan kujerar matuƙin jirgi ba.

KAMA DA WANE BA TA WANE

An sha yin shelar an gano, daga baya murna ta koma ciki. A 1877 wani masani ɗan Italiya, Giovanni Schiaparelli, ya zana wasu layuka da ya ce ya hango a fuskar Mars. Wani attajirin Amurka, Percival Lowell, ya gina gidan duban taurari a Arizona a 1894, ya yi ta rubuta cewa layukan nan magudanan ruwa ne da wasu masu hankali suka haƙa don noman rani. Da kumbon Mariner 4 ya gifta Mars a 1965 ya aiko da hotuna, sai ga ramuka da busasshiyar ƙasa. Ido ne ya yaudari masu dubawa.

A 1967 wata ɗaliba a Jami'ar Kambirij ta Ingila, Jocelyn Bell, ta kama wani sauti na rediyo daga sama yana bugawa a kowace daƙiƙa 1 da sulusi, ba ya saɓawa. Har sun yi masa laƙabi na raha da sunan mutanen sama, kafin a gane cewa gawar tauraro ce mai juyawa da sauri. A 1976 kumbunan Viking 2 suka sauka a Mars da kayan gwaji. Ɗaya daga cikin gwaje-gwajen ya zuba wa ƙasar ruwan abinci, sai iska ta taso kamar wani abu ya ci, amma wani gwajin bai sami sinadaran jikin mai rai ba. Mafi yawan masana suka tsaya a kan cewa ƙasar ce ke da sinadarai masu cin abu, ko da yake Gilbert Levin, mai gwajin farko, bai sauka daga ra'ayinsa ba har ya rasu a 2021.

A 1996 kuma wani ɗan'uwan dutsen Zagami ne ya tada ƙura. An tsince shi a 1984 a Antatika, ƙasar ƙanƙara ta kudancin duniya. David McKay da abokan aikinsa na NASA suka ce sun ga wasu siffofi a cikinsa masu kama da burbushin ƙananan halittu, har Shugaba Bill Clinton ya yi jawabi a kai. Bincike na baya ya nuna ruwa da ma'adinai kaɗai suna iya haifar da irin waɗannan alamu. Haka aka yi a 2020 da aka ce an hango wata iska a sararin Zahra wadda ƙananan halittu kan fitar, da kuma Afrilu na 2025 da masanan Kambirij suka ce madubin James Webb ya nuna irin wannan alama a duniyar K2-18b, mai nisan shekarar haske 124. A duka biyun wasu masana sun sake duba awon suka ce alamar ba ta yi ƙarfin da za a dogara da ita ba.

Maganar da ta fi nauyi a yanzu daga Mars take. Motar bincike mai suna Perseverance ta sauka a 2021 a kwarin Jezero, inda tafki ya taɓa kwanciya fiye da shekara miliyan 3,000 da suka wuce. A Yuli na 2024 ta tarar da wani dutse mai ɗige-ɗige kamar fatar damisa. A Satumba na 2025 NASA ta bayyana cewa ma'adinan da ke cikin ɗigon irin waɗanda ƙananan halittu kan bari ne a cikin laka a nan duniya. Amma masanan da kansu sun ce alama ce mai yiwuwa, domin akwai hanyoyin da ma'adinan za su iya haɗuwa ba tare da rai ba. Motar ta huda dutsen ta rufe gutsurensa cikin bututu. Raba gardama sai an kawo shi ɗakin gwaji a duniya, aikin da wani kwamiti ya ƙiyasta a 2023 zai ci tsakanin dala miliyan dubu 8 zuwa 11.

SHIRUN SAMA

Neman masu hankali kuwa da kunne ake yinsa. A 1960 Frank Drake ya juya faifan rediyo mai faɗin mita 26 a Green Bank ta Amurka wajen taurari 2 na kusa, bai ji kome ba. Ran 15 ga Agusta na 1977 wani faifan na Jami'ar Jihar Ohio ya kama sauti mai ƙarfi na tsawon daƙiƙa 72, an yi ta komawa wurin, bai sake dawowa ba. Tun a 1950 masanin nan Enrico Fermi ya tambayi abokansa a wurin cin abinci cewa, in taurari sun kai haka yawa da tsufa, to, ina kowa ya shiga?

An ce shiru ma magana ce, amma wannan shirun bai isa yanke hukunci ba. A 2018 masana a Jami'ar Jihar Pennsylvania sun lissafa cewa duk sauraren da aka yi, in an kwatanta da abin da ya rage, kamar a ɗebi lita 7,700 ne daga dukan tekunan duniya, abin da bai cika durom 40 ba. Wanda ya ɗebi wannan bai ga kifi ba, ba ya cewa teku ba kifi. Ga kuma nisa. Kumbon Voyager 1, wanda aka harba a 1977 ɗauke da faifai mai gaisuwa cikin harsuna 55, yana gudun kilomita 17 a daƙiƙa, amma sai ya yi fiye da shekara 70,000 kafin ya ci nisan da ke tsakanin rana da tauraro mafi kusa. Wannan nisa yana cikin abin da ya sa masana ba sa saurin karɓar labaran faya-fayai masu tashi da ake yaɗawa. Kwamitin da NASA ta kafa a kan abubuwan da ake gani a sama ba a gane su ba ya ba da rahoto a Satumba na 2023 cewa bai sami hujjar cewa daga wata duniya suke ba.

ABIN DA KE KAN SIKELI

Iyakar abin da ya tabbata ke nan: masauki yana da yawa, ruwa da kayan gini suna ko'ina, amma mai rai ko ɗaya ba a kama ba a wajen wannan duniya. Duk wanda ya ce an gano ya wuce gona da iri, haka ma wanda ya ce babu. Ko ƙwaya ɗaya aka samu a Mars ko Europa wadda asalinta daban ne, an san ke nan rai ya tsiro sau biyu a gidan rana guda, sai a sa ran sama cike take da shi. In kuwa aka tarar danginta ɗaya da na duniya, sai a koma ga darasin Zagami, domin in dutse yana iya tasowa daga Mars ya sauka a Katsina, ƙwayar halitta ma tana iya samun abin hawa.

Saboda haka ne ake tsoron kada mai nema ya kai abin da yake nema da hannunsa. Yarjejeniyar sararin samaniya ta 1967 ta wajabta wa ƙasashe su guji gurɓata wasu duniyoyi. A Satumba na 2017, da man Cassini ya kusa ƙarewa, da gangan aka tura shi cikin iskar Zuhal ya ƙone, don kada wata rana ya faɗa kan Enceladus da ƙwayoyin duniya a jikinsa. Kumbon Europa Clipper ya tashi a Oktoba na 2024, ana sa ran isarsa Mushtari a 2030, don ya auna kaurin ƙanƙarar Europa da abin da ke cikin tekunsa.

Shi kuwa dutsen Zagami, an yanyanka shi, gutsattsarinsa sun bazu a jami'o'i da gidajen tarihi na ƙasashe da yawa. A 1996 aka maƙala wata 'yar ƙwaya tasa a jikin kumbon Mars Global Surveyor, wanda ya isa Mars a 1997 ya shiga kewaya ta. Bayan shekara miliyan 3 a hanya da shekara 34 a duniya, wani ɓangare na baƙon Katsina ya koma ƙofar gida.